Chebe, man karkar da ambunu: me haɗin Chadi ke yi wa gashi mai siririn sili?

Masu sayar da kayan gyaran jiki sukan zuba abubuwa uku a leda ɗaya su kira shi haɗin Chadi: garin chebe, man karkar, da busasshen ganyen ambunu. Ana samunsa a shagunan kayan mata a Maiduguri da Kano da Kaduna, ya kuma cika Instagram da sitatus na WhatsApp, kusan kullum tare da hoton wata baiwar Allah mai gashi har gadon baya. Wadda tallan ya fi kamawa kuwa ita ce mai gashin da ya ƙi gaba: shekara biyar yana nan iya wuya, silinsa siriri, in an yi kitso fatar kai ta fi gashin fitowa. Ita ce ke son sanin ko kwalliya za ta biya kuɗin sabulu. Biyu daga cikin ukun suna da amfani a gare ta, amma ba ta yadda ake tallata su ba. Na ukun kuma za ta iya barinsa a shago ba ta yi asarar komai ba.

Kafin a kwance ledar, gara a san abin da ake nema a cikinta. Gashi daga saiwarsa da ke cikin fata yake tsirowa. Abin da ya fito waje matacce ne, ba ya ci ba ya sha, in ya tsage kuma ba ya haɗewa. Wani bincike da mujallar likitocin fata ta Birtaniya ta buga a 2001 ya auna gashin 'yan Afirka, ya samu yana ƙaruwa da kimanin milimita 0.26 a rana, wato kusan santimita 0.8 a wata, bai cika santimita 10 a shekara ba. Na Turawa a binciken nan ya kusa milimita 0.4 a rana. Ke nan jinkirin da kike gani ba ciwo ba ne, halitta ce. Kowane sili kuma yana da wa'adinsa: yakan yi shekara 2 zuwa 7 yana tsiro, ya tsaya, ya huta kamar wata 3, ya faɗi, wani ya fito a gurbinsa. In wa'adin naki shekara 3 ne, ko da ba ya karyewa ko kaɗan, tsawonsa ba zai wuce santimita 29 ba. Mai wa'adin shekara 6 za ta ninka haka. Gado ne ke yanke wannan hukunci, babu man da ke da ta cewa a ciki.

Sai dai mata da yawa ba su ma kai iyakar tasu ba. Gashin yana fitowa santimita 9 a shekara daga ƙasa, yana kakkaryewa santimita 9 daga baki, sai a ce ya tsaya. Mai sa rilaksa ko lalle ta san bai tsaya ba, tunda bayan wata biyu tana ganin sabon tsiro a gindi. Ki ɗauki abin da ya rage a mataji ki baza a farar takarda. Dogon sili mai ɗan farin ɗigo a ƙarshensa, wannan wa'adinsa ne ya cika, kuma zubar 50 zuwa 100 irinsa a rana ba abin damuwa ba ne. In kin yi mako uku da kitso, duk na kwanakin nan ne za su fito ranar tsifa, kada ki tsorata. Guntaye marasa farin kai, masu kama da yankakken zare, su ne karyayyu. Duk abin da chebe zai iya yi miki, a kan waɗannan guntayen ne.

Akwai kuma ruɗanin da ake yi tsakanin siririn gashi da gashi maras cika. Siririn sili kaurin gashi ɗaya ake nufi: ki murza shi tsakanin yatsu biyu, in da ƙyar kike jin sa, ko kuma kin ajiye shi kusa da zaren ɗinki kin ga zaren ya ninka shi nesa ba kusa ba, to naki siriri ne. Cika kuwa yawan silin da ke kai ne. Mace takan zama da gashi cunkus amma kowane sili siriri. Irin wannan sili ba shi da ƙarfin ɗaukar nauyi, ba ya jure ja, ga shi a murɗe, kowace lanƙwasa wuri ne da zai iya tsinkewa.

Chebe 'ya'yan wata bishiya ce da masana tsirrai ke kira Croton gratissimus, tana da yawa a yankin duwatsun Gera da ke tsakiyar Chadi. Ana soya 'ya'yan a daka, a haɗa da kanumfari da mahalab, wanda masu haɗa humra suka sani, da ƙaro da ɗan abin ƙamshi. Matan Larabawan Chadi, musamman waɗanda ake kira Basara, su aka fi sani da shi, kuma bidiyoyin YouTube ne suka fitar da sunansa duniya a wajajen 2017. Yadda suke yi: a raba gashi, a jiƙa kowane kashi da ruwa, a shafe shi da mai, a barbaɗa garin ko a kwaɓa shi a damƙa, a maimaita har sai gashin ya sha ya yi nauyi, sannan a kitse manya-manya. Ba a kai shi fatar kai. Bayan kwana 3 zuwa 5 a tsefe a ƙara wani a kan na da, ba tare da an wanke ba. Zama ɗaya yakan ci awoyi.

In an lura da kyau, garin ba shi kaɗai ke aikin ba. Gashin da kullum yake lulluɓe da mai, a kitse, mataji ba ya shiga cikinsa, zafin diraya ba ya taɓa shi, rilaksa ba ta san shi ba, dole bakinsa ya daɗe bai karye ba. Garin yana riƙe man a jikin silin, ya yi masa kamar sulke, ya rage gugar da sili ke yi da ɗan'uwansa. Wannan amfani ne na gaske kuma bai kamata a raina shi ba. Amma abin da ba a shafa wa fata ba, ta ina zai isa saiwa har ya sa ta sauri? Likitocin fata ba su da wani gwaji a hannu da ya nuna chebe yana ƙara saurin tsiro ko yana fito da gashi inda babu. Duk mai sayarwar da ta yi miki alkawarin inci biyu a wata, ta yi alkawarin abin da jikin ɗan'adam ba ya yi.

Inda gizo ke saƙar shi ne lokacin da mai siririn gashi ta kwaikwayi hanyar Chadi yadda take. Abu na farko, garin yana da tsakuwa-tsakuwa. Ko an tankaɗe, in kin murza shi a yatsa za ki ji kamar garin kofi. A kan kakkauran sili wannan ba komai ba ne. A kan siriri, duk lokacin da aka damƙa ko aka tsefe, ƙwayoyin suna kankare ɓawon da ke rufe silin, wanda yake jere kamar ɓawon kifi, kuma in ya tafi ba ya dawowa. Na biyu, nauyi: kitson da ya sha gari da mai hawa uku yana rinjayar saiwa, musamman a goshi da gefen kunne inda gashi ya fi rauni. Na uku, tsifa da sake kitso duk bayan kwana huɗu hannu ne mai yawa, alhali siririn gashi babu abin da yake so kamar a ƙyale shi. Sannan ga ranar wanki. Garin da ya kwana goma yana cuɗanya da mai yakan dunƙule a tsakiyar kitso, ba ya fita sai an sa shamfu sau uku ko huɗu ana dirza, kuma a wannan dirzar ce ake asarar duk abin da aka tara. Mace ta fito da gashi busasshe kamar soso, ta ce chebe ɗin jabu ne, alhali hanyar ce ba ta dace da kanta ba.

Ga ƙananan damuwoyi da mai talla ba ta faɗa. Yana zuba a kafaɗa, yana ɓata farin hijabi da rigar matashi, tabon kuma mai ne da launi a haɗe. A zafin Maris zuwa Mayu, man yakan narke ya gangaro goshi da ƙeya, ƙuraje su fito. In garin ya kai fata, kanumfarin da ke ciki yana iya sa ƙaiƙayi da zafi, ga toshe fata da dattin da ke taruwa. Don haka duk wadda za ta fara, ta kwaɓa kaɗan ta shafa a bayan kunne ta jira kwana 2. In wurin ya yi ja ko ya yi ƙaiƙayi, magana ta ƙare. Kada a sa wa ƙananan yara, kada a bari ya shiga ido.

Sai batun wanka, wanda bidiyoyin ƙasashen waje ba sa tunawa da shi. Hadisin Ummu Salama da Muslim ya ruwaito ya nuna ba sai mace ta tsefe kitso don wankan janaba ba, ta kwarara ruwa sau uku a kanta ya wadatar. Amma ana so ruwan ya isa gindin gashi, kuma kan da aka yaɓe da gari da kitse har ya yi ɓawo abin dubawa ne. Hukuncinsa a tambayi malamai. Ta fuskar gashin kansa ma, matar aure da kanta ke jiƙewa akai-akai ba za ta ji daɗin wannan yaɓe ba. Ruwa yana shiga cikin kitson ya maƙale, a ɗaura ɗankwali a kai, a zura hijabi, kafin kwana biyu kai ya fara tsami.

Hanyar da ta fi dacewa da siririn gashi ita ce a ɗauki man a zubar da garin. A samu kwalbar gilashi busasshiya mai murfi. A zuba garin chebe babban cokali 2, a bi shi da mai mililita 200, kusan cikin kofin shayi ke nan. Man zaitun ko man riɗi duk sun yi. Mai son mara nauyi ta haɗa rabi da rabi da man kwakwa, sai dai ta sani zai daskare da sanyin hunturu. A rufe, a tsayar da kwalbar cikin tukunyar ruwan zafi da aka sauke daga wuta na minti 30. Kada a soya garin cikin mai kai tsaye a kan wuta, ƙonewa yake yi ya yi ƙauri. A ajiye a inuwa mako 2 ana girgizawa kullum. Daga nan a tace da ƙyalle mai laushi sau biyu, a bar shi ya kwana, a tsiyaye na sama a bar laka a ƙasa. In kin ɗiga a bayan hannu kin murza kin ji ko ɗan yashi, a sake tacewa. Ruwa ko ɗigo ɗaya kada ya shiga kwalbar, shi ke kawo fumfuna. Wannan adadin zai kai ki wata 3 ko fiye, domin ɗigo 3 zuwa 5 ake sa wa kowane kashi na gashi, daga tsakiyar silin zuwa baki, kuma a kan gashi mai danshi. Mai ba ya jiƙa gashi, ruwa ne ke jiƙa shi. Aikin mai shi ne ya hana ruwan saurin tashi. Wadda ta shafa shi a busasshen gashi za ta samu ƙyalli, amma ƙarƙashin ƙyallin gashin na nan ƙamas.

A gaskiya, man da aka jiƙa da chebe bai yi wa man zaitun zalla nisa sosai ba. Ya fi shi ƙamshi, ya ɗan fi shi kama jikin sili saboda ƙaron da ke ciki. Wanda ma yake da hujja a rubuce shi ne man kwakwa: binciken da aka buga a 2003 ya nuna yana ratsa cikin sili yana rage zubar furotin lokacin wanki, abin da man shafawar da ake tacewa daga ɗanyen man fetur (mineral oil) da man furen rana ba su yi ba a gwajin. Wannan ba ya nufin kuɗin chebe ya tafi a banza. Yana nufin dai kada a saye shi da tsadar magani.

Wajen saye, yawancin garin da ake ƙullawa a leda ba shi da lambar NAFDAC, ba jerin abin da ke ciki, ba ranar lalacewa, saboda haka hanci da yatsa ne za su yi miki alƙalanci. Na kirki launin ƙasa ne mai duhu, yana ƙamshin suya da kanumfari, a bushe yake yana warwatsewa. Wanda ya dunƙule ko yake warin rima ya sha danshi, a bar shi. Wanda turare ya rufe komai a cikinsa, a yi hattara. A zuba ƙaramin cokali a kofin gilashi na ruwa a juya: in wani abu ya nutse nan take ya kwanta a ƙasa yana ƙaras-ƙaras a cokali, yashi ne.

Man karkar shi ne mafi rauni a cikin ledar, ga mai irin wannan gashi. Asalinsa Sudan da Chadi, kuma haɗin gargajiya man riɗi ne da kitsen dabba da kakin zuma da turare. Kakkaura ne. A kan gashi mai kauri da ke shan mai kamar ƙasar rani, yana da kyau. A kan siriri, yana manne silin da juna, gashin ya kwanta ya ƙara nuna rashin cika, ƙurar hunturu kuma ta samu wurin zama. Kakin ba ya fita da karkashi ko da ruwan sanyi, sai shamfu mai ƙarfi. Mai amosani kuwa ta nisanta shi daga fatar kai, domin ƙwayar da ke haddasa amosani maiƙo take ci. Shafa mai a kan amosani ɓoye shi ne na kwana biyu, daga baya ya dawo da ƙarfinsa. Maganinsa shamfu mai ketoconazole kashi 2 cikin 100, sau biyu a mako na wata ɗaya, a bar kumfar minti 5 kafin a ɗauraye. In dai an riga an sayi karkar ɗin, a ajiye shi sai tsakiyar hunturu, Disamba da Janairu, a lakato kamar ƙwayar wake a narkar a tafin hannu a shafa wa jelar kitso kawai. A tambayi mai sayarwa kitsen wace dabba ce a ciki. In ya fara warin tsohon mai, ya lalace, turare ba zai gyara shi ba.

Abin dariya, wanda ya fi kowa aiki a ledar shi ne wanda muka fi sani. Ambunu karkashi ne. Karkashin miya dai, wanda iyaye da kakanni suka daɗe suna wanke kai da shi kafin a ba shi sunan Chadi a sa shi a leda mai hoto. Wanda ke gaban mai kayan miya ba shi da bambanci, sai dai a zaɓi na ganye a kan na gari, don garin yana maƙalewa a gashi. Yauƙinsa ne sirrin. Siririn gashi ya fi karyewa a lokacin warwarewa, kuma yauƙin nan yana sa sili ya zame ta jikin ɗan'uwansa maimakon su sarƙe. Da wuya a samu kwandishanan kanti da ya fi shi santsi.

A ɗebi ganyen cikin tafin hannu ɗaya a zuba a ruwan zafi rabin lita, ba mai tafasa a wuta ba, wanda aka sauke. A rufe minti 15, a juya har ya yi yauƙi, a tace. Kada a sa kanwa. A miya kanwa tana da wurinta, amma a gashi tana buɗe ɓawon sili ta bar shi a bushe, domin gashi ɗan tsami-tsami yake so. Wannan dalilin ne ma ya sa sabulun salo, duk da tsabtar da yake yi, yakan bar siririn gashi yana ƙara a hannu, balle in an haɗa shi da ruwan rijiya ko na burtsatse mai zartsi. Wadda ba ta da wani abin wanki sai shi, ta ɗauraye da khal babban cokali 1 a ruwa rabin lita daga baya. Ruwan karkashin da ya rage ba ya wuce kwana 2 ko a firji. Iyakarsa kuma a san ta: yana ɗauke gumi da ƙura, amma ba ya cire kaki ko basilin, saboda haka bai maye gurbin shamfu gaba ɗaya ba.

Ga yadda ranar wanki za ta kasance, duk kwana 7 zuwa 10. A tsefe da yatsu da matsefata, daga jela zuwa sama, ba a fizga. A raba gashin kashi 4. A shafa man kwakwa ƙaramin cokali 2 ga kan gaba ɗaya, a bar shi aƙalla minti 30. A zuba ruwan karkashi a kowane kashi a warware da yatsu tukuna, sannan mataji mai manyan haƙora, a fara daga baki ana hawa. Duk ƙullin da ya ƙi, a yanke shi da almakashi, ya fi a ja. A kitse kowane kashi sako-sako, a wanke fatar kai da shamfu da tafin yatsu, ba farce ba, a bar kumfar ta bi jikin kitson da kanta. Sau ɗaya ya isa in ba a yi yaɓen mai ba. A ɗauraye da ruwa mai ɗumi kaɗan, a sa kwandishana minti 5 zuwa 10, a ɗauraye. A matse da tsohuwar riga mai laushi, tawul yana kama siririn gashi. Tun yana da danshi a ɗiga man chebe, a kitse manya 6 zuwa 10, a bari ya bushe sarai kafin a rufe kai. Tsakiyar mako in jela ta bushe, a fesa ruwa kaɗan a bi da ɗigo biyu, ba sai an tsefe ba.

Duk wannan wahala mai kitso ɗaya mai zafin hannu za ta iya rushe ta a awa biyu. An saba cewa kitso sai ya yi zafi yake kyau, har a sha farasitamol a kwanta da ciwon kai. Kitson da ya ɗaga girar mace, ya fito da ƙananan ƙuraje a layin goshi, yana tumɓuke saiwa ne a hankali. Da farko gashin goshi yakan dawo in an sassauta. In aka shekara ana yi har wurin ya yi sumul yana ƙyalli, saiwar ta mutu, babu chebe ko wani mai da zai tashe ta. Mai siririn gashi ta guji ƙananan kitso, ta ce wa mai kitso ta bar mata 'yan gashin gaba, ta riƙa sauya inda ake tsaga da inda shuku ke taruwa, kada kuma kitso ya haura mako 3, don bayan nan zubabben gashi yana cuɗewa a gindi. Ribom mai roba tsirara ko mai ƙarfe yana yanke gashi a wuri ɗaya kullum. Ɗankwalin atamfa da hular auduga suna tsotse mai suna gugar goshi. Hular satin a ƙarƙashinsu, dare da rana, ta fi kwalba uku na kowane mai amfani, kuma ta fi su araha.

Datsa baki ma sai da lissafi. Shawarar yanke santimita 1 duk mako 6 daga masu gashin da ke saurin tsiro ta fito. A mako 6 naki bai fi santimita 1.1 ya ƙaru ba, kin ga ke nan an yanke duka. Rabin santimita duk wata 3 ko 4 ya isa, da almakashi mai kaifi da ba a yanka komai da shi sai gashi. Dakusasshe tauna bakin yake yi ya sake tsagewa. Don sanin ko ana ci gaba, a zaɓi wuri ɗaya, misali bayan kunnen dama, a miƙe silin a auna da tef ɗin tela, a rubuta, a sake bayan wata 3. In an samu ƙarin santimita 2, abin yana tafiya daidai. Madubi ba ya nuna wannan, saboda gashinmu yana ƙanƙancewa in ya sha ruwa.

Mai rilaksa ta ƙara kiyayewa. Mahaɗar sabon tsiro da miƙaƙƙen gashi ita ce wuri mafi rauni a kanta, garin chebe kuma nan yake taruwa, don haka tataccen man kaɗai ya dace da ita. Ta bar mako 10 zuwa 12 tsakanin sawa da sawa, a sabon tsiro kawai. Wadda kuma kauri take nema, ba tsawo kaɗai ba, lalle ya fi chebe yi mata: launinsa yana kama jikin silin ya ɗan ƙara masa jiki. Jan lalle zalla ake nufi, sau ɗaya a wata biyu, a bi shi da kwandishana don yana busarwa. Baƙin da ake haɗawa da sinadarin rini yana iya ƙona fata.

Akwai zubar da ba ta da alaƙa da abin da ake shafawa. Wata 2 zuwa 4 bayan haihuwa gashi yakan zube da yawa, ya kuma dawo da kansa kafin yaro ya shekara. Da yawa daga shaidar da ake bayarwa cewa wani mai ya dawo da gashin mai jego, lokaci ne ya yi aikinsa. Zazzaɓi mai tsanani, taifot ko maleriya, yakan sa irin wannan bayan wata 2 ko 3. Ƙarancin jini, wanda ya yawaita ga masu yawan zubar jinin al'ada da masu haihuwa kusa-kusa, da matsalar maƙoƙo, duk suna sirantar da gashi, kuma gwajin jini ne ke nuna su. Hanta, ƙwai, wake, kifi da zogale sun fi ƙwayoyin gyaran gashi da ake sayarwa, a kuma raba shan shayi da lokacin cin abinci, yana rage shigar sinadarin ƙarfe jiki. Mai shan biotin, wani bitamin da ake sha don gashi, ta faɗa wa likita kafin a ɗebi jininta, yana rikita sakamakon wasu gwaje-gwaje. Tsakiyar kai da ke raguwa yana faɗi, ko makero a kan yaro, na asibiti ne. Makero maganin sha yake buƙata, na shafawa ba ya kashe shi.

In za a saya, kada a ɗauki ledar gaba ɗaya. Giram 50 na chebe ya isa jiƙo biyu zuwa uku, na wata 6 zuwa 9 ko fiye ke nan, sauran garin a zuba a kwalba mai murfi nesa da tururin kicin. Karkashi a saya wajen mai kayan miya, a duba ganyen yana da sauran kore, ba wanda ya koma toka ba. Tabon man a hijabi kuma yana fita in an ɗiga sabulun wanke-wanke na ruwa a wurin tun yana bushe, a bar shi minti 10, sannan a wanke da ruwan ɗumi. In aka riga aka goge shi da dutsen guga, ya zauna.